Kurakuran da ake tafkawa wajen liƙa abin rage ƙara a ƙofar tsohuwar mota

Duk mai tsohuwar Fijo 504, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, ko Marsandi 200 ta da, ya san yadda ƙofa ke kuka kamar gwangwani in an rufe ta, ga kwaramniya in ka hau hanya mai gargada. Shi ya sa mutane ke sayo wannan shimfiɗar mai danƙo da ake cewa butil, baƙar roba ce mai kauri kamar milimita 2 da fallen alminiyam a bayanta, irin su Dynamat da Noico, su liƙa a cikin ƙofar don rage ƙarar. Aikin ba wuya, amma wallahi na ga ƙofofin da aka kashe da shi, har da ta 504 ɗin da na gada wajen Baba.

Kuskuren farko tun a kasuwa ake yin sa. Mutum ya ga butil da tsada sai ya sayo filashban, wannan da ake liƙe yoyon kwanon rufi da shi, tunda a ido kamarsu ɗaya. To galibinsa kwalta ne. Ka ajiye mota a rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ƙarfen ƙofa kuwa ya fi haka nesa, sai kwaltar ta narke ta zame ta taru a ƙasa, motar ta yi ta wari kamar ana gyaran titi, wani lokaci har gilas ya shafo. In ka riga ka sa, ba wata dabara, ɓare shi za ka yi ka wanke wajen da kananzir sannan ka bi da sifirit.

Sai babban kuskuren, wanda ni ya ci ni. Mutane ba su san an ƙera ƙofar mota ne ruwa ya shiga ya fita ba. Ruwan sama na bin gilas ya gangara ciki, a ƙasan ƙofar akwai 'yan ramuka da yake tsiyayewa ta nan. Yaron da ya yi min aikin sai ya bi ya liƙe har ƙasa, ya toshe ramukan duka wai don kar ƙura ta shiga, ni kuma ban duba ba. Damina ɗaya, in na buɗe ƙofa sai in ji ruwa na kacal-kacal a ciki, kafin in farga fenti ya fara kumbura, tsatsa ta cinye gindin ƙofar sai da mai walda ya yanke ya yi mata ƙari. Saboda haka ka bar kamar faɗin yatsu huɗu daga ƙasa ba ka liƙa komai ba, ka zura waya ka fitar da ƙasar da ta shekara talatin a ramukan, in ka gama ka zuba ruwan buta ta jikin gilas ka ga ya fito. Kuma kar ka yarda a cusa sosan katifa a ciki, ruwa yake sha ya riƙe.

Liƙawa a kan datti ko tsatsa ma haka. Cikin tsohuwar ƙofa akwai ƙura da giris da guntun tsohuwar kwaltar kamfani da ta bushe, butil ba zai kama ba. A kankare, a goge da samfefa inda ya yi tsatsa, a shafa fentin hana tsatsa a bari ya bushe tukuna. In ka rufe tsatsa da butil ɓoye ta kawai ka yi, tana can tana cin ƙofar.

Akwai kuma masu ganin sai an mamaye ko'ina, har ninki biyu. Ba haka abin yake aiki ba, shi aikinsa hana fallen ƙarfe rawa ne, in ka rufe kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na tsakiyar ƙofar inda ya fi faɗi ya wadatar. Ƙwanƙwasa da yatsa, inda ka ji yana amsawa kamar ganga nan za ka sa. Sauran asarar kuɗi ne da nauyi, kuma hinjin motar da ta shekara arba'in ba ya son ƙarin kaya, sai ka ga ƙofa ta sauka sai an ɗaga ta kafin ta rufu. A yanka butil ɗin ƙanana-ƙanana yadda hannu zai shiga da shi ta ramin da ke jikin ƙarfen ƙofa ta ciki, a danne da rola ko ƙotar sukundireba har iska ta fita, don duk inda ya yi kumbo nan raɓa ke kwana. Lokacin hunturu shanya shi a rana ya yi laushi. Af, sa safar hannu, bakin alminiyam ɗin nan reza ne.

Ledar nan da ke manne bayan kwalin ƙofa, wato marufin ƙofar na cikin mota da ake cirewa kafin a fara aikin, da yawa suna yagewa su yar. Ita ke hana ruwa taɓa kwalin, in babu ita sai ya jiƙe ya kwarkwace, samun na 504 mai kyau yanzu kuma aiki ne. Mayar da ita, ko ka yanka sabuwa mai kauri. Kafin ka mayar da kwalin kuma, murɗa gilas sama da ƙasa, ja hannun ƙofa, gwada makulli, don sau tari butil ke danne sandunan makullin ko ya rufe kan sukurun da makanike zai nema gobe.

In duk ka yi wannan amma kana jin iska na yin fito a kunnenka kan hanyar Zariya, ba butil ba ne matsalar, robar gefen ƙofa ce da ta layin gilas suka bushe. Su za ka canja.