Yadda nake haɗa cakulan mai ciki a gida, da dabino da gyaɗa da kayan ƙamshinmu

Tun ranar sunan ɗiyar ƙanwata da na kai cakulan mai dabino a ciki mata ke ta tambayata wai ina na sayo shi, wata ma cewa ta yi ai tsarabar Umara ce. Wallahi a kicin ɗina na yi shi nan Birnin Kebbi, kuma ba wani abu ne mai wuya ba in dai kin san irin wanda bakinki ke so, kin kuma san yadda za ki yi da zafin garin nan namu. To ga yadda nake yi, daki-daki.

Ki fara da zaɓen cakulan ɗin kansa

Iri uku ne za ki samu. Akwai baƙi, akwai mai madara, akwai fari. Baƙin shi ne za ki ga an rubuta 50% ko 70% ko 85% a jikin takardarsa, wannan lambar tana nufin yawan kokon da ke ciki ne (kokon bishiya fa nake nufi, wanda ake nomawa a Ondo da Osun da Kuros Riba, ba wanda muke sha da ƙosai ba), iya hawan lambar iya ɗacinsa da ƙarancin sukari. Mai madara shi munka fi sabawa da shi tun muna yara, a ƙasar Suwizalan anka fara yinsa a 1875. Shi kuwa fari babu garin koko ko kaɗan a cikinsa, man koko ne da madara da sukari, shi ya sa yake da zaƙi kamar me.

Ni dai baƙi mai 70% shi ne nawa, ina son ɗan ɗacin nan da baurin da yake bari a harshe kamar na goro. Baban yara ba ya ko kallonsa, shi sai mai madara, yaran kuma fari suke wawa. Ni farin yana saurin ginsata, guda biyu na ci na ƙoshi. Kowa da bakinsa, amma ga abin da na lura da shi bayan na yi ta gwadawa: abin da za ki sa a ciki shi zai gaya miki wanda za ki saya. In cikin mai zaƙi ne sosai kamar dabino ko tuwon madara, ki rufe shi da baƙi. In mai gardi ne da ɗan gishiri kamar gyaɗa ko riɗi, mai madara ya fi amsarsa. In mai tsami ne to nan ne fari ke da rana. Zaƙi a kan zaƙi ba ya daɗi, maƙogwaro kawai yake kamawa.

Sai kuma wani abu da ya kamata ki sani kafin ki miƙa kuɗinki. A shagon masu kayan kek akwai wanda suke ce ma kampawun, shi an cire man koko an sa man alayyadi ko wani man tsiro a madadinsa. Ya fi araha, bai da wahalar aiki, narkawa kawai ki zuba, kuma ya fi jure zafi. Amma a baki yana ɗan barin maiƙo a dasashi, bai kai na ainihi daɗi ba. Na ainihin mai man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34, jikin mutum kuma 37 ne, shi ya sa da kin sa a baki yake narkewa sumul, kuma shi ya sa a watan Afrilu da zafinmu ke haura digiri 40 yake zama kunu tun a jaka. Ga tsada, a 2024 da farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 saboda noman Kwaddibuwa da Gana bai yi kyau ba, komai na cakulan ya tashi. Shawarata in yau ne farkonki ki fara da kampawun, hannunki ya saba tukuna. Na ainihin ki bari sai hunturu, Disamba da Janairu.

Kayan aiki

Cakulan giram 250 zai ba ki ƙanana kamar ashirin. Mazubi na roba mai laushi, in babu ki ɗauko abin ƙanƙarar firij ɗinki, da shi na fara. Ƙaramar tukunya, kwanon silba ko tangaran da zai zauna a bakin tukunyar, cokali, wuƙa, tsumma mai tsafta. Komai ya bushe ƙarau, zan faɗi dalili.

Ki haɗa cikin tun da wuri

Wannan shi ne inda nake jin daɗin aikin, don a nan ne abin ke zama naki. Turawan Beljiyam ne sunka shahara da cakulan mai ciki tun 1912, su da 'ya'yan itatuwansu, mu kuwa Allah ya hore mana namu a kasuwa ba sai mun nemi na waje ba.

Wanda na fi so duk duniya dabino da gyaɗa. Ki samu dabino goma masu laushi ki cire ƙwallon, in busasshe ne ki turara shi kamar minti goma, kar ki jiƙa shi a ruwa ya sha ya yi laɓo. Gyaɗa rabin kofi ki tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci tas, ki soya da yashi ko a kasko har ta yi ja, ki murje ɓawon ki fece. Ki daka dabinon a turmi har ya kama jikinsa, sannan ki zuba gyaɗar ki ɗan farfasa ta sama-sama don ina son a riƙa jin ƙaras-ƙaras, sai gishiri ɗan yatsa biyu. Gishirin nan kar ki raina shi, shi ke tada ɗanɗanon duka. Ki mulmula ƙanana kamar ƙwallon magarya ko sun ɗan fi. In kina son mai laushi irin na cikin Snickers ɗin nan amma ba danƙo, ki sayi tunkuza wajen masu ƙuli-ƙuli ki haɗa da zuma cokali ɗaya, tunkuza ta fi markaɗaɗɗiyar gyaɗa dacewa saboda an riga an matse mata mai, ita ɗanyar markaɗen man ta yana ratsowa ya tausasa ɓawon cakulan ɗin bayan kwana biyu.

Na biyu a wajena dakuwa. Ee, dakuwar aya da kinka sani, da ɗan yajinta da komai, ki gutsuro ki sa a cikin baƙi ki ji ikon Allah. Kuma ba baƙon abu ba ne haɗa koko da barkono, mutanen Meziko na da can da barkono suke shan nasu.

Tuwon madara ma yana yi, amma ki rage masa sukari tun wajen tuƙi. Kwakwa ki kankare ki soya sama-sama har ruwanta ya tsotse, ki haɗa da madarar gwangwani mai kauri cokali biyu, zai fito kamar Bounty. Kantun riɗi ki daddaka ki barbaɗa a mai madara. Wa fari kuwa garin 'ya'yan kuka nake tankaɗewa in zuba cokali ɗaya a cikin narkakken cakulan ɗin kai tsaye, tsaminsa yana kashe zaƙin nan mai yawa, ta haka ne kawai nake iya cin fari da marmari.

Abin da ba na so shi ne ciki mai ruwa-ruwa, irin mai tsiyaya in an gatsa. A sanyin ƙasashen Turawa yana yi, a nan kwana biyu ya yi tsami ko fumfuna. Kuma 'yar uwa in an kawo miki tsarabar mai ciki daga waje ki karanta takardar da kyau, wasu da giya ake cika su.

Kayan ƙamshi

Gari kawai, busasshe, tankaɗaɗɗe. Citta rubu'in ƙaramin cokali a giram 250 ta isa, ita da baƙi kamar an halicce su tare. Kirfa ta fi shiri da mai madara. Kanumfari ki yi hattara, ƙwaya biyu in kinka daka sun wadatar, in ya yi yawa sai ki ji kamar maganin haƙori. Ɓawon lemun zaƙi ki kankare bayan kawai ban da farin, ki shanya a inuwa ya bushe. Garin Nescafé rabin cokali yana ƙara ma baƙi ƙarfi. Na'a-na'a a cakulan dai ni ban taɓa sonta ba, ƙawata kuwa ita ce zaɓinta, to ki gwada kaɗan ki ji naki bakin. Kuma kar ki tara su duka wuri guda kamar yajin mai jego, ɗaya ko biyu, don a ji cakulan ɗin ma.

Narkarwa

Ki yi aikin nan bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Ki yayyanka cakulan ɗin ƙanana. Ruwa kaɗan a tukunya, ya yi zafi amma kar ya tafasa, ki ɗora kwanon a kai kar gindinsa ya taɓa ruwan. Dalilin da na ce komai ya bushe: ɗigon ruwa ɗaya ko tururi in ya shiga, sukarin ciki zai jiƙe ya dunƙule, nan take ya koma kamar tuwo, ba ya sake zubuwa. Ya taɓa faruwa da ni saboda jiƙaƙƙen cokali, ranar sai a kunun gyaɗa na narka shi don kar a yi asara. Shi ya sa ma filebo na ruwa na kwalba ba ya yi a nan.

In kampawun ne da ya narke ki sauke, ki zuba kayan ƙamshi ki juya, shi ke nan.

In na ainihi ne akwai ɗan aiki, kuma shi ke sa ya yi sheƙi ya karye ƙwas. Ki raba uku, ki narka kashi biyu har ya kai digiri 45 zuwa 50, ki sauke ki goge gindin kwanon, ki riƙa zuba ragowar kashi ɗayan kaɗan-kaɗan kina juyawa ba tsayawa har ya sauko 31 zuwa 32 in baƙi ne, mai madara 29 zuwa 30, fari 28 zuwa 29. In babu ma'aunin zafi ki ɗiga a ƙasan leɓenki, ki ji shi da ɗan sanyi-sanyi ba ɗumi ba. In kinka tsallake wannan zai ciwu, amma zai fito dishi-dishi da farin zane a jiki, yana narkewa a yatsa tun kafin ya kai baki.

Zubawa da rufewa

Ki cika ramukan mazubin, ki bubbuga shi a kan tebur iska ta fita, sai ki kife shi a kan kwanon rarar ta tsiyaye, abin da ya manne a jiki shi ne ɓawon. Ki kankare saman da bayan wuƙa, ki sa a firij minti biyar zuwa goma. Ki fito da shi ki sa cikin, kuma ki tabbata ya huce sarai. Kar ki cika maƙil, ki bar wuri kamar kaurin tsinken ashana a sama, in ba haka ba murfin ba zai kama ba, ta nan iska ke shiga. Ki zuba sauran cakulan a kai ki shafe da wuƙa, in ya fara daskarewa a kwanon ki ɗan ɗora shi kan tururi na daƙiƙa kaɗan. Firij kuma minti ashirin, ki kife a faranti, wanda ya yi daidai da kansa yake faɗowa.

In babu mazubi kwata-kwata ki tsaga dabino ki cire ƙwallon ki cusa gyaɗa ko tunkuza, ki tsoma a narkakken cakulan da cokali mai yatsu ki jera a kan leda. Lokacin azumi wannan nake yi, shi ya fi sauri, kuma shi masu kawo mana ziyara sunka fi cinyewa.

Ajiya

Ki sa a roba mai murfi da ke rufuwa gam. Cakulan yana kwasar wari fiye da yadda kike zato, in kinka bar shi a buɗe kusa da albasar Aliero ko bandar kifin Yauri ko daddawa to washegari su za ki ci. In za ki fito da shi daga firij kar ki buɗe robar nan take, ki bar ta ta huce kamar rabin awa, in ba haka ba zai yi gumi, gumin ya narkar da sukarin sama ya bar fari-fari, ba lalacewa ya yi ba amma kyan ya tafi. Mai dabino da gyaɗa da mai dakuwa suna kai sati biyu a firij, mai tuwon madara da mai kwakwa kuwa kar su wuce kwana huɗu ko biyar. In an ɗauke wuta ki bar firij ɗin a rufe, ko ki ɗora robar a kan jiƙaƙƙen yashi gindin randa. In kuma kai wa wani za ki yi, ko Jega ko Argungu, ki sa a kula da ƙanƙara naɗe a tsumma, ki tashi da sassafe, kuma ki gaya ma mai gidan akwai gyaɗa a ciki don akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta.