Motar lantarki a ƙasar ƙanƙara: yadda ake tattalin batir da yin caji lokacin sanyi

Wanda ya sayi motar lantarki a Kanada ko Nowe ko arewacin Amurka cikin watan Yuli, ya saba ganin kilomita 400 a allo idan ta cika, hankalinsa zai tashi a Janairu idan ya ga 280. Batirin bai lalace ba, da zafi ya dawo nisan zai dawo. Kuma kaso mai tsoka na wutar da ke zirarewa ana iya tare shi tun motar tana jone da soket, kafin a ɗaga daga gida. Wannan bayani na ƙasashen da ruwa ke daskarewa ne. Hunturun Kano ko Damagaram bai kai ya girgiza batir ba, a can zafin rana ne abin tsoro.

Ina wutar take tafiya?

Hita ce babbar mai ci. Injin fetur yana zubar da fiye da rabin ƙarfin man da ya ƙona a matsayin zafi, shi ya sa ɗumin cikin motar fetur kyauta ne. Motar lantarki ba ta da wannan rarar, duk ɗumin da ya taɓa jikinka daga batir aka yanko shi. Hita mai ƙona wuta kai tsaye tana jan kilowat 5 zuwa 6 lokacin da take kokawa da mota mai sanyi, sannan ta sauko zuwa 1 ko 2 bayan ciki ya ɗumama. A gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2019, a digiri 7 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius nisan tafiya ya ragu da kashi 12 cikin ɗari idan hita na kashe, amma da aka kunna ta sai ragin ya kai kashi 41.

Gajeriyar tafiya ta fi shan wuya. Motar da ke cin kilowat-awa 15 a kilomita 100 tana buƙatar 0.75 kacal don ta yi kilomita 5. Hita mai jan kilowat 5 na minti goma za ta ci 0.8 ita kaɗai, wato cin motar ya ninka. Mai kai yara makaranta, ya ajiye mota ta huce, ya je kasuwa, ya sake ajiyewa, yana biyan kuɗin ɗumamawa sabo a kowane tashi. Gara a haɗa hidimomin a fita ɗaya.

Na biyu shi ne batirin kansa. Ya fi sakewa a wajen digiri 20 zuwa 25. Idan sanyi ya kama shi, ruwan sinadarin da ke cikinsa yakan yi kauri kamar manja da hunturu, sai ƙwayoyin litiyam su riƙa tafiyar hawainiya. Wani ɓangare na cajin yana nan amma ba ya fitowa sai batir ya ɗumama, wasu motocin ma suna nuna alamar ƙanƙara a allo don sanar da haka. Sai ƙananan abubuwa: iska a digiri 10 ƙasa da sifili ta fi ta digiri 20 nauyi da kusan kashi 11, tayar da aka ƙera don lokacin sanyi ta fi riƙe hanya, dusar ƙanƙara mai narkewa kuma tana jan mota baya.

Kafin a fita da safe

Ka bar motar a jone da dare ko da ta kai cajin da kake so. Ka shiga manhajarta ka sa lokacin tashi, misali bakwai da rabi. Za ta fara ɗumama ciki da batir minti 20 zuwa 40 kafin lokacin, da wutar gida, ka tarar da gilashi ya narke, batir kuma bai taɓu ba. Idan motarka ba ta da wannan tsari, ka saita caji ya ƙare daf da lokacin fita, domin caji da kansa yana ɗumama batir.

Sai dai ƙarfin soket yana da tasiri. Soket ɗin bango na Kanada da Amurka, mai volt 120, yana ba da kilowat 1.4 ne kawai. A tsananin sanyi, mai ɗumama batir zai iya lashe yawancin wannan, gari ya waye cajin bai motsa ba sai kaɗan. Wanda ke kwana da mota a waje ya nemi caja ta bango mai kilowat 7 ko 11. Gareji, ko da ba a ɗumama shi, yana rage wahalar sosai.

Bayan an hau hanya, ka kunna ɗumin kujera da na sitiyari, ka sauke hita zuwa digiri 18 ko 19. Kujera ɗaya ba ta wuce wat 50 zuwa 100 ba. Amma kada tattali ya sa ka kashe iskar da ke share gilashi, raɓa za ta rufe maka hanya. Ka duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, domin duk saukar digiri 10 tana rage kusan psi 2, wato a ma'aunin iskar taya. Lambar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba. A babbar hanya, rage gudu daga kilomita 120 zuwa 100 a awa yana dawo da nisa sosai.

Da batir mai sanyi, birkin da ke mayar da wuta cikin batir yana raguwa ko ya ɗauke gaba ɗaya. Ka ɗaga ƙafa daga totur kana jiran mota ta ja baya kamar yadda ta saba, sai ta ci gaba da gangarawa. Ka ba da tazara a kilomitocin farko. A kan ƙanƙara mai santsi kuwa, ka rage ƙarfin wannan birkin da kanka idan motar ta ba da dama.

Cajin gaggawa a hanya

A nan ne aka fi yin kuskure. Idan aka ɗura wuta mai ƙarfi cikin batirin da ke kusa da sifili ko ƙasa da shi, litiyam ba ya samun shiga mazauninsa, sai ya taru a sama ya zama ƙarfe. Wannan lahani ba ya gyaruwa. Don kauce masa kwamfutar batir take matse wutar, ka jona caja mai kilowat 150 ka ga 30 ko 40 ke shiga, ka ɗauka cajar ce ta lalace. Binciken ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ke jihar Idaho ta Amurka a 2018, kan motocin haya ƙirar Nissan Leaf a New York, ya nuna bayan minti 30 na cajin gaggawa a digiri sifili, abin da ya shiga ya gaza na digiri 25 da kashi 36. Cunkoson da aka yi a tashoshin caji na birnin Shikago a Amurka cikin Janairun 2024 yana da alaƙa da haka: motoci na isowa da batir a sandare kuma kusan babu komai a ciki.

Maganin shi ne ka sa tashar cajin a taswirar motar ita kanta, minti 30 zuwa 45 kafin isa. Taswirar da ke wayarka ba ta sanar da batir komai. Motar za ta fara ɗumama shi a hanya, za ka ga cin wuta ya ɗan ƙaru, kada ka damu. Ka tsara isa da kashi 15 zuwa 20, domin motoci da yawa ba sa ɗumamawa idan caji ya yi ƙasa ƙwarai. Idan za ka kwana a hanya ba tare da soket ba, ka yi caji da yamma batir na da ɗumin tafiya, kada ka bari sai asuba. Wajen lissafin doguwar tafiya, ka ɗauki kashi 70 na nisan lokacin zafi a matsayin abin da kake da shi.

Mai shirin saye ya tambayi abu biyu. Shin motar tana da na'urar janyo ɗumi daga iskar waje? Aikin na'urar sanyaya mota ne aka juya, tana ba da ɗumi ninki biyu ko uku na wutar da ta ci, ko da yake amfaninta yana raguwa idan sanyi ya wuce digiri 10 zuwa 15 ƙasa da sifili. Sannan wane irin batir ne? Nau'in LFP, wato batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ke cikin motocin BYD da wasu Tesla Model 3, yana da juriya da araha amma ya fi jin sanyi, kuma yana son a riƙa cika shi zuwa kashi 100 lokaci-lokaci don lissafin allo ya daidaita.

Idan kan caja ya maƙale saboda ƙanƙara, kada a fizge shi, kada a zuba masa tafasasshen ruwa. A kunna ɗumin mota na wasu mintuna, a buɗe makulli a sake gwadawa. Yawancin motoci suna da igiyar saki ta hannu a cikin but ko ƙarƙashin bonet, a bayan ramin caji. A nemo wurinta a littafin mota tun sanyi bai zo ba. Ƙaramin batir mai volt 12 ma a sa a gwada shi idan ya haura shekara uku, domin idan ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban batir a cike yake.