Yadda Ake Kama Matsalar Wutar Babur Mai Zuwa Tana Ɓacewa

Babu abin da ya fi ba mai babur haushi irin ciwon da ke warkewa a ƙofar bakanike. Kana tafe daga Tumfure, mashin ya yi tari biyu ya mutu. Ka tura shi cikin rana har Jekadafari a cikin garin Gombe, bakanike ya buga kik sau ɗaya, sai ga shi ya tashi ras. Ya dube ka ya ce, "Maigida, ai lafiyarsa ƙalau." Haka aka yi ta yi da ni a kan wata tsohuwar Jincheng, sai da na sayi fulogi biyu da CDI ɗaya (ɗan akwatin da ke sakar wa fulogi wuta a kan lokaci) kafin a gano waya ce guda ta karye a cikin robarta. Irin wannan matsala ba a maganinta da canje-canjen kaya, sai an ritsa ta tana cikin yi.

Matakin farko ba ya buƙatar ko sifana. Ka lura da lokacin da abin ke zuwa. In sai ka shiga gargada, irin lungunan Pantami da ruwa ya zaizaye, to wani abu ne ya yi sako-sako. In sai inji ya ɗauki zafi, kamar ka miƙe hanyar Kumo cikin watan Afrilu ya mutu, ka huta a gindin bishiya minti 15 ya tashi, ka zargi koyil (mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi) ko CDI. In bayan ruwan sama ne ko bayan wanki, hular fulogi da soket-soket za ka fara dubawa. In kuwa sai ka karya kai hagu ko dama yake ɗauke wuta, ka gama rabin aiki, matsalar tana wuyan babur.

Na biyu, a daidai lokacin da ya mutu, kada ka kashe makulli. Danna oda, kunna sigina. Yawancin ƙananan baburanmu masu kik daga maganeto, wato ɗan janaretan da ke cikin inji, suke samun wutar fulogi, shi ya sa suke tashi ko batir ya mutu. Saboda haka in oda na kuka da ƙarfi amma inji ya ƙi tashi, bar batir ya huta, nemi matsalar a layin fulogi. Cire fulogin, mayar masa da hularsa, jingina ƙarfensa a jikin inji, ka buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. Ja-ja mai rauni, ko babu sam, ya nuna matsalar wuta ce. Riƙe ta wajen roba, kuma ka tabbata babu fetur da ya zuba kusa.

In tartsatsi na nan lafiya, buɗe murfin tanki ka saurara. Idan ka ji ya ja iska, 'yar ƙofar numfashin murfin ce ƙurar hunturu ta toshe, mai ya daina sauka kafireta. Mutane da yawa sun kai wa riwaya, mai gyaran wayoyin wuta, kuɗinsu a kan wannan, alhali ba ruwan wayarin.

Na uku shi ne girgiza, kuma nan ne aikin yake. Ɗora babur a kan babban tsayuwarsa, cire sirdi da murafun gefe, tayar da shi ka bar shi yana silo, fitila a kunne. Sai ka bi wayarin da hannu daga baya zuwa gaba, kana lanƙwasawa a hankali, tsawon yatsa bayan tsawon yatsa. Taɓa kowane soket, ja shi kaɗan. Kaɗa makulli a cikin raminsa ba tare da ka murɗa ba, musamman in kai mai rataya masa tarin makullan gida ne, nauyinsu na cinye cikin suwici. Sannan juya kai ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa. Inda fitila ta ƙifta ko inji ya yi tuntuɓe, tsaya nan, maimaita har ka iya kashe shi da gangan.

Wayar da ta karye a ciki ba ta nuna komai a ido. Kama ta da hannu biyu ka ja: lafiyayya ba ta miƙewa, karyayya kuwa robarta za ta miƙe ta sirance a wuri ɗaya. Tawa kore ce, a daidai inda wayarin ke gogar ƙarfen wuya. Ranar da yaron riwaya ya ja ta, sai ta biyo hannunsa kamar cingam, ya ɗago ya ce, "Oga, ga ɓarawon."

A baburan Sin da suka bi tsarin Honda, kore ita ce as, wato wayar da ke mayar da wuta bodi, ja daga batir take, baƙa mai ratsin fari kuma ita ce ta kashe inji. Wannan ta ƙarshen aikinta ta haɗa CDI da bodi idan ka kashe makulli, don haka in ta goge tana taɓa ƙarfe, babur zai riƙa kashe kansa a hanya. Zare ta daga soket ɗin CDI ka zagaya unguwa. In matsalar ta tafi, laifin wayar ne ko suwici. Sai dai ka sani makulli ba zai kashe inji ba a lokacin, da giya da burki za ka kashe shi. Bajaj da TVS launinsu daban ne, kada ka ɗora musu wannan.

Na huɗu, as da kan batir. Kwance wayar da aka ɗaure a bodi, goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure tamau, shafa ɗan giris. Haka kan batir in ya yi farin gari ko kore-kore. Duba gidan fiyus ma, 'yan ƙarafan da ke riƙe shi suna saki. In fiyus na yawan ƙonewa, wata waya ce ke taɓa bodi. Masu naɗa masa wayar tagulla ko takardar kwalin sigari, wayarin gaba ɗaya suke shirin ƙonawa.

Na biyar sai mitar auna wuta, in kana da ita ko za ka ara. Cikakken batir mai hutawa yana nuna wajen volt 12.6. Tayar da inji ka ɗan ja totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa daga 12 ba, ba ya caji. In ya wuce 15, rektifaya mai daidaita wutar caji ta lalace, ita ke ƙona maka ƙwan fitila tana ƙone ruwan batir. Bar mitar a maƙale ka sake girgiza wayoyin da suka fito daga inji, lamba mai tsalle-tsalle ta tona asirin soket.

Sai duk wannan ya wuce ba a samu komai ba ake zuwa kan koyil da CDI, kuma da aro ake farawa. Samu na abokinka mai irin babur ɗinka, sa ɗaya tak, ka yi tafiyar da ta saba kashe shi. In ka canza biyu tare, ba za ka san wanne ne mai laifi ba.

In ka samu karyayyar wayar, kada ka murɗe bakinta ka naɗe da salatif kawai, zafin Gombe zai narkar da gam ɗin. Yanke wurin, ƙara sabuwar waya mai kauri ɗaya, a yi mata dalma, a rufe. A wuyan babur kuma ka bar mata ɗan rara, ka juya kai hagu da dama ka ga ba ta ɗamewa kafin ka mayar da tanki.