Yadda Ake Fara Binciken Kayan Tarihi a Yankin Rikici Daga Legas

Duk shekara sai wani ɗalibi ya zo min da taken digiri na biyu a kan Sukur, tsohon garin kan dutse da ke yankin Madagali a jihar Adamawa, wai mako mai zuwa zai hau mota zuwa Madagali. Nakan ce masa ya zauna tukuna. Sukur ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1999, Boko Haram ta kai mata hari a 2014, kuma ba wurin da baƙo zai faɗa da kyamara ba ne.

Fara daga nan Legas. Je gidan tarihi na Onikan ka koyi rubuta bayanin abu ɗaya: girmansa, inda aka samo shi, wa ya kawo. Ka nemi izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Yarjejeniyar Hague ta 1954 kan kare kayan tarihi a lokacin yaƙi kuwa, karatu ɗaya ya isa.

Sai hira, inda aka fi tuntuɓe. 'Yan Gwoza, Bama da Madagali suna nan a Agege da Mile 12, ba sai ka ƙone kuɗin mota ba. Ka je bayan la'asar, da goro, ka gaida dattijo ka ce "Baba, in ka yarda" kafin ka taɓa rikoda.

Ni a nan na yi ɓarna. Wani tsoho ya gaya min ƙarƙashin ɗakin da ya binne littattafan kakansa kafin su gudu. Na rubuta sunan ƙauyen, na tura wa abokan karatu a WhatsApp. Kwana uku ɗansa ya kira ni: "Malam, so kake a je a tone mana?" Tsohon bai sake amsa gaisuwata ba. Tun daga ranar littafi biyu nake riƙewa: ɗaya na bayani da lambobi a madadin sunaye, ɗaya na sunaye, wanda ba ya fita daga akwatina. Haka ma mutanen Timbuktu da suka kwashe rubuce-rubucensu zuwa Bamako a 2012, cikin akwatunan ƙarfe, a mota da kwale-kwale, a ɓoye suka yi.

Kuɗin bincike, duba ALIPH, gidauniyar kare kayan tarihi a yankunan rikici da ke Jeniba. Ka buga maƙala ɗaya kafin ka nemi digiri na uku. In tafiyar ta zama dole, ka bi ɗan gari, kada ka sanar da ranar a Facebook.