Yadda za ka gane ko sauya fina-finanka zuwa faifan 4K zai biya ka

Kafin ka fitar da ko sisi, fara duba talabijin ɗinka. Na sha ganin mutum ya yo odar faifan Ultra HD Blu-ray, wato faifan 4K, daga waje, kuɗin kawowa ya kusa kamo kuɗin faifan, ya saka, ya dawo yana cewa ai duk ɗaya ne. Bambanci yana nan, allonsa ne ya kasa nuna shi. Faifan 4K yana da ɗigon hoto 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, ninki huɗu na Blu-ray ɗin da muka saba, amma in allonka inci 43 ne kuma kujerarka tana can ƙarshen falo, idonka ba zai tsinci komai ba. In bai kai inci 55 ba, kada ma ka fara.

Abin da ya fi ɗaukar ido kuwa shi ne HDR, wato fasahar da ke ƙara tazara tsakanin haske da duhu a hoto. Fitilar mota cikin dare sai ta fito da ƙarfinta, inuwa kuma ka ga abin da ke cikinta. Talabijin mai araha da aka liƙa wa tambarin HDR alhali haskensa bai kai ba, duhu zai ƙara maka.

Na'urar DVD ko tsohuwar Blu-ray ba ta karanta wannan faifan. In kana da PS5 mai ramin faifai ko Xbox Series X ka huta, amma PS4 Pro ba ta yi. Samsung ta daina fitar da sababbin na'urorin kunna wannan faifan tun 2019, shi ya sa nake cewa a nemi Panasonic ko Sony, ko da ta hannu ce.

To, ga inda na sha wuya. Na haɗa komai, na shafe makonni ina kallon hoto a koɗe, fuskokin mutane kamar an shafa musu toka. Na canja wayar HDMI har sau biyu, na zargi na'urar, na kusa mayar da ita. Ashe talabijin da yawa suna zuwa da kafar HDMI a rage, sai ka buɗe ta da hannunka. A LG sunan wurin HDMI Ultra HD Deep Colour, a Samsung HDMI UHD Color ko Input Signal Plus, a Sony kuma Enhanced format. Ka tabbata kafar da ka soka wayar ita ka kunna wa, domin kowace da nata. Ina kunnawa, alamar HDR ta bayyana a kusurwar allo, jar rigar da nake gani kamar ruwan ƙasa ta koma ja sosai.

Daga nan sai zaɓen fim. Kada ka sake sayen duk abin da ke kan kantarka. Tsofaffin fina-finan da aka ɗauka da fim mai milimita 35 aka sake kwafo su a 4K, su ne suka fi cancanta. Da yawa daga na shekarun 2000 a 2K aka kammala su, wato kusan ɗigon hoton Blu-ray ɗin da muka saba, faɗaɗa su kawai aka yi. Sayi guda ɗaya da ka haddace, ka gwada shi da tsohon faifanka da dare, fitila a kashe.

Na kasuwa mai fim goma a faifai ɗaya da aka rubuta wa 4K, DVD ne, bar shi. Faifan 4K na gaskiya ba shi da kullen yanki, na Amurka zai yi a nan. Ka sa wa na'urar sitabilaiza saboda wutar NEPA.