Yadda Za Ka Nuna wa Yaro Abin da Ke Riƙe Jirgi a Sama

A Garwa ta arewacin Kamaru, duk lokacin da aka fara jigilar maniyyata, ko jiragen soja suka fito atisaye suna ratsa saman Binuwai, sai ka ga yara sun bar wasa sun ɗaga kai, kuma da wuya a rasa wanda zai ce, "Baba, me yake riƙe shi bai faɗo ba?" Amsar da yawancinmu muke bayarwa ita ce inji, alhali aikin inji tura jirgi gaba ne. Abin da ke ɗauke da shi fiffike ne, da iskar da fiffiken yake dannawa ƙasa. Ana iya nuna wa yaro wannan a tsakar gida da faifai, da cokali, da buta, da takarda guda ɗaya, kuma a ganina abin da hannunsa ya ji ya fi zama masa a kai fiye da dogon bayani.

Ka fara da faifai, domin kafin komai dole yaro ya yarda cewa iska aba ce mai nauyi, ko da yake ba a ganinta. Iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi ta ɗan haura kilo ɗaya a nauyi. Ka ba shi faifai ya riƙe da hannu a miƙe, ya ajiye shi a kwance kamar an ɗora kwano a kai, sannan ya juya jikinsa da sauri. Zai ji faifan yana yanka iska ba wahala. Sai ka ce ya ɗan ɗaga bakin faifan na gaba, kaɗan kawai, ya sake juyawa, nan take zai ji hannunsa yana neman tashi sama. Faifan ya karkata iska zuwa ƙasa, ita kuma ta mayar masa da turi zuwa sama daidai gwargwadon abin da ya yi mata. Asalin tashin jirgi ke nan, daga ƙaramin jirgin feshin gona har zuwa wanda ke kwasar alhazai ɗaruruwa.

Kada ka bar faifan tukuna. Ka sa ya ɗaga bakin sosai, zai ga ɗagawar ta gushe, sai turjiya kawai ta rage tana mayar da hannunsa baya. Haka fiffiken jirgi yake: idan karkatarsa ga iska ta wuce kimanin digiri 15, iskar da ke bin bayansa takan rabu da shi ta hargitse, jirgin ya fara sulalowa ko da injinsa na aiki, shi ya sa ake horar da matuƙa su sunkuyar da hancin jirgi idan haka ta faru. Daga nan ka sa ya juya a hankali, sannan da sauri, ya kwatanta. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ɗagawa sau huɗu yake ninkawa, kuma wannan ne dalilin da ya sa babban jirgin fasinja yake sheƙa gudu a titinsa har wajen kilomita 250 zuwa 300 a sa'a kafin ya ɗaga hanci.

Cokali zai nuna masa aikin saman fiffike. Ka riƙe ƙarshen mariƙinsa da yatsu biyu yana reto, wani ya tsiyayo ruwa siriri daga buta, sai ka matso da bayan cokalin ya taɓa ruwan. Ruwan zai lanƙwasa ya bi ƙumbon cokalin, cokalin kuma ya fizgu zuwa cikin ruwan. Misali ne kawai, amma ya yi kusa da yadda iska take bin doron fiffike ta fita ta bayansa tana fuskantar ƙasa, matsin iska a sama ya ragu, na ƙasa ya rinjaye shi. Akwai bayanin da ya yaɗu cewa wai iskar sama tana sauri ne don ta cim ma ta ƙasa su haɗu a ƙarshen fiffike. Ka guje shi, ba daidai ba ne, ta sama takan riga ta ƙasa isa.

Yanzu sai jirgin takarda, wanda shi ne zai ci mafi yawan lokacinku. Ka ninke takarda biyu ta tsawonta ka buɗe, ka lanƙwaso kusurwoyi biyu na sama su haɗu a layin tsakiya, ka sake lanƙwaso gefunan nan masu karkata zuwa layin, ka rufe ta biyu, sannan ka saukar da kowane ɓangare ya zama fiffike. A jefa shi a hankali, a miƙe, inda babu iska mai kaɗawa. Idan ya kifa hanci ƙasa, ka ɗan murɗa ƙarshen fikafikansa na baya zuwa sama da farce. Idan ya cilla sama ya tsaya ya faɗo, murɗin ya yi yawa ko hancin ba shi da nauyi, sai ka rage murɗin ko ka ƙara ninki a hanci. Idan kullum gefe ɗaya yake karkata, ka dube shi ta hanci da ido ɗaya, za ka tarar fiffike ɗaya ya fi ɗan'uwansa sauka. Ya fi daidaituwa idan bakin fikafikan biyu ya ɗan ɗaga sama. Abu ɗaya za a riƙa canzawa a kowace jifa, in ba haka ba yaro ba zai san wane gyara ne ya yi aiki ba.

A nan ne tarihi yake shiga da kansa, domin wahalar da yaron ke sha wajen daidaita takarda ita ce ta tsare mutane shekaru aru-aru. An ruwaito cewa Abbas ibn Firnas, masanin Ƙurɗuba a Andalus a ƙarni na 9, ya ɗaura fikafikai ya yi shawagi, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka saboda bai yi wa kansa wutsiya ba. A 1799 George Cayley na Ingila ya raba aikin gida biyu, fiffike tsayayye don ɗagawa, wani abu dabam don turawa, maimakon kwaikwayon kaɗa fiffiken tsuntsu. Otto Lilienthal na Jamus ya yi shawagi kusan sau 2,000 yana daidaita kansa da karkata jiki, har iska ta kayar da shi ya rasu a 1896. Wilbur da Orville Wright, masu gyara da ƙera kekuna a Dayton ta Amurka, sun gane cewa sarrafawa ce matsalar. Wilbur ya lura da yadda manyan tsuntsaye masu shawagi suke murɗa bakin fiffike idan za su karkata, abin da yaronka zai iya gani da idonsa ga shirwa a saman mayanka. Sun gwada siffofin fiffike kusan 200 a cikin wani akwati da suke hura iska a cikinsa a 1901, kuma ranar 17 ga Disamba 1903, kusa da garin Kitty Hawk na gabar tekun Amurka, jirginsu ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci mita 37. Ka auna wannan tazara da taku a ƙofar gida, yaro ya ga ƙanƙantarta.

Shekaru 22 bayan haka, a Nuwamban 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano. A yaƙin duniya na biyu kuma, jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi ta Ghana ta yau suna bi ta Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, su wuce Khartum zuwa Alƙahira.

Idan ka sami dama, ka kai shi inda aka yarda jama'a su tsaya su hango titin jirgi, ka ce ya lura da abu biyu. Jirgi yakan fuskanci iska wajen tashi da sauka, domin gudun iska a kan fiffike ne abin lissafi, kuma yakan zaro wasu faifai a bayan fikafikansa don ya ƙara musu faɗi da lanƙwasa lokacin da gudunsa bai yi yawa ba. Ka gaya masa kuma cewa a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa suke haura digiri 40, iska takan yi sako-sako, sai jirgi ya buƙaci titi mai tsawo ko a rage masa kaya. Haka abin yake a Ngaundere saboda tudu, tun da garin ya haura mita 1,000 daga doron teku.