Yadda Na Gyara Karatun Buret da Ya Ƙi Daidaituwa

A makarantarmu ta nan Aboabo, Kumasi, muna shirin gwajin kemistiri na WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, sai taitireshan ɗin asid HCl da sodiyam kabonet ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Taitireshan shi ne a riƙa ɗiga asid daga buret, dogon bututun gilashi mai lambobin awo da famfo a ƙasa, cikin kwalbar da ke ɗauke da kabonet har launi ya sauya, sannan a karanta yawan asid ɗin da aka zuba. Ɗaliba ɗaya za ta auna sau uku, kowane karatu da nasa, tazarar har ta haura 1 cm³, alhali ana son kada ta wuce 0.20.

Da farko yaran sun ɗora laifin kan metil oranj, sinadarin da ke sauya launi idan asid ya isa. Ba shi ba ne. Na duƙa na duba bakin buret, ƙasa da famfon, sai ga kumfar iska maƙale. Da ta fice a tsakiyar aiki, asid ya cike gurbinta, buret ta nuna an zuba abin da bai shiga kwalbar ba.

Na ce, "Ɗiyata, buɗe famfon gaba ɗaya, asid ya fito da ƙarfi, sannan ki ɗauki karatun farko."

Muka ɗauraye buret da asid ɗin, fifet, wato bututun da ake auna kabonet da shi, da kabonet ɗin, kwalbar kuwa da tataccen ruwa kawai. Ɗigo biyu na metil oranj, farar takarda a ƙarƙashi don a ga rawaya ta koma ruwan lemu. Karatun ya zauna.